Jagorar Daidaita Haƙoran Manya da Robar da Ake Sawa Ana Cirewa

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana ce ta sa mutane da yawa da suka haura talatin suka haƙura da haƙoransu da suka hau kan juna ko suka turo gaba, suna ganin lokacin gyara ya wuce tun suna yara. Sai dai haƙori ba icce ba ne. Ƙashin da ke riƙe da shi a raye yake har tsufa, kullum yana rushewa yana sake ginuwa, don haka ɗan shekara hamsin ma haƙorinsa zai matsa muddin dasashinsa da ƙashinsa na da lafiya. Bambancinsa da yaro shi ne nasa ya fi tafiya a hankali, kuma muƙamuƙinsa ya gama girma, ba a iya sauya masa siffa da roba.

Ni ma sai da na girma na sa wannan roba, na yi wata goma sha huɗu da ita a baki. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne: robar ba ta aiki a cikin akwatinta. Ƙarfen da ake mannawa a haƙori yana aiki ko kana so ko ba ka so, domin ba ka iya cire shi. Ita kuwa wannan a hannunka take, sauƙinta ke nan, kuma haɗarinta ke nan.

Yadda haƙori ke matsawa

Ba a kafa haƙori a ƙashi kamar ƙusa a bango ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wani siririn shimfiɗi na zaruruwa masu rai, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Idan aka danna haƙori a hankali ba tare da an saki ba, a gefen da ake matsewa sai wasu ƙwayoyin jiki su riƙa narkar da ƙashi suna buɗe hanya, a ɗaya gefen da zaruruwan suka miƙe kuma wasu su riƙa gina sabo suna cike gurbi. Wannan aiki yana buƙatar danni mara yankewa na awanni masu yawa. Da zarar an saki na dogon lokaci, zaruruwan sai su fara jan haƙorin ya koma inda ya fito.

Robar, wadda likitoci ke kira alaina, siririyar riga ce garai-garai kamar gilashi, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, an ƙera ta daidai siffar haƙoranka. Ba guda ɗaya ba ce, jeri ne. Kowacce an ɗan karkatar da siffarta daga inda haƙoran suke a yanzu, da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. Ka sa ta, ta matse, haƙoran su bi ta, bayan mako ɗaya ko biyu ka ɗauki ta gaba. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1945 wani likitan haƙori a Amurka, Harold Kesling, ya kawo dabarar amfani da roba wajen ƙarasa daidaita haƙora, amma ƙera su da hannu ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin rai. Kwamfuta ce ta sauya lamarin. A 1997 Zia Chishti da Kelsey Wirth suka kafa kamfanin Align Technology, wanda ya fito da jerin robobin da ake kira Invisalign, aka fara sayar da su a 1999. Yanzu akwai wasu da dama, irin su ClearCorrect, Spark da SureSmile. Sunan kamfani bai kai gwanintar likitan da ya tsara aikin muhimmanci ba.

Mataki na farko: ka tantance ko matsalarka ta roba ce

Kafin ka je ko'ina, tsaya gaban madubi ka faɗa wa kanka takamaiman abin da ke damunka. Haƙoran ƙasa ne suka cunkushe? Tazara ce a tsakani? Na sama ne suka rufe na ƙasa da yawa, ko kuwa idan ka rufe baki na gaba ba sa haɗuwa? Wani yana son a rufe masa wushirya, wani kuma ita ce abin da ba ya so a taɓa. Likita ba zai san wannan ba sai ka faɗa.

Robar ta fi ƙwarewa a cunkoso ɗan kaɗan zuwa matsakaici, da rufe ƙananan tazara, da gyara haƙoran da suka sake karkacewa bayan an taɓa sa musu ƙarfe a yarinta. Akwai motsin da ke ba ta wahala: juya haƙori mai zagayayyen jiki kamar fiƙa, jawo gajeren haƙori ya fito waje, matsar da saiwa gaba ɗaya maimakon karkatar da kai kawai, da rufe babban giɓin da aka bari bayan cire haƙori. Ana iya yin wasu daga cikin waɗannan da ƙarin dabaru, amma sau da yawa ƙarfe ya fi saurin yi kuma ya fi tabbas. Idan kuma matsalar daga muƙamuƙi take, wato na ƙasa ya fi na sama tsawo sosai ko akasin haka, to a wurin babba gyara na gaskiya yakan haɗa da tiyata. Likitan da ya ce maka roba ba za ta yi maka ba, ya yi maka alheri.

Haƙorin da aka dasa da ƙarfe cikin ƙashi ba ya motsi ko kaɗan, domin ba shi da waɗancan zaruruwa. Idan kana da shirin dasa haƙori, yawanci daidaitawa ake fara yi sannan a dasa.

Sannan ka tambayi kanka tambayar da ba likitan da zai amsa maka: zan iya riƙe abu a bakina awa ashirin zuwa ashirin da biyu kowace rana, na tsawon wata shida zuwa wata goma sha takwas, wani lokaci har shekara biyu? Idan kai mai yawan ɗan taɓa-ka-lashe ne tsakanin abinci, ko mai kurɓar shayi daga safe har yamma, ko mai yawan mantuwa, ka yi wa kanka gaskiya tun yanzu.

Mataki na biyu: ganin likita ido da ido

Ka nemi likitan haƙori, in da hali wanda ya yi ƙarin karatu na musamman a fannin daidaita haƙora, wanda yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku bayan karatun likitancin haƙori. Likitan haƙori na gama-gari ma yana iya yin aikin idan mai sauƙi ne kuma ya saba, amma ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa gyara irin matsalarka, ka roƙi ganin hotunan kafin da bayan aiki. Gani ya kori ji.

A zaman farko ya kamata a duba kowane haƙori, a auna zurfin ramin da ke tsakanin dasashi da haƙori da wani siririn ƙarfe, a duba yadda kake cizo, a kuma ɗauki hoton ƙashi. Hoton nan ba ado ba ne. Shi ke nuna tsawon saiwoyi, da yawan ƙashin da ya rage, da haƙorin da ya maƙale a ciki, da ruɓar da ke ɓoye tsakanin haƙora. Ka faɗa wa likita duk maganin da kake sha, musamman magungunan ƙarfafa ƙashi da ake bai wa masu raunin ƙashi, domin suna rage saurin motsin haƙori. Ka faɗa idan kana da ciwon sukari, ko kana shan taba, ko kana cizon haƙora cikin barci. Mace mai juna biyu ma ta faɗa, saboda hoton ƙashi da kuma yadda dasashi ke saurin kumbura a lokacin.

Nan ne zan ja kunne a kan masu aiko da roba ta saƙo ba tare da likita ya leƙa bakinka ba. Za a aiko maka da kayan awo, ka auna da kanka a gida, ka mayar, a aiko da robobi. Araha ba ta ado. Ba wanda ya ga ƙashinka, ba wanda ya auna dasashinka, kuma idan abu ya karkace ba kujerar da za ka je ka zauna. Matsar da haƙori a kan dasashi mai ciwo yana iya sa ya fara girgiɗi har a rasa shi. Babban kamfanin da ya yi fice a wannan harka a Amurka, SmileDirectClub, ya rufe a watan Disamba na 2023, ya bar mutane a tsakiyar aiki ba mai ci gaba da duba su. Ba laifi a riƙa tura wa likita hoto ta waya tsakanin zuwa da zuwa, matuƙar ya fara duba ka da hannunsa kuma ka san inda za ka same shi.

Mataki na uku: share fage

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ramin da ke haƙori a cike shi, a wanke dattin da ya daskare a gindin haƙora, kuma idan dasashi na zubar da jini lokacin goge baki a magance shi har ya lafa. Wannan ya fi shafar manya, domin ciwon dasashi yakan daɗe yana cin ƙashi ba tare da zafi ba. Duk aikin da zai sauya siffar haƙori a gama shi kafin a ɗauki awo, in ba haka ba robar ba za ta zauna ba.

Mataki na huɗu: awo da tsarin aiki

Yawanci yanzu da wata 'yar na'ura mai kama da babban buroshi ake yi. A zagaya da ita cikin baki na 'yan mintuna, sai siffar haƙoranka ta fito a fuskar kwamfuta ta kowane ɓangare. Wasu wuraren har yanzu suna amfani da wani abu mai kama da yumɓu da ake dannawa a haƙora ya daskare. Duk biyun suna yi idan an yi su da kyau.

Daga nan likita zai tsara tafiyar kowane haƙori a kwamfuta, ya nuna maka hoton yadda za su kasance. Hoton yana da daɗin kallo, haƙora suna jeruwa cikin daƙiƙa kaɗan, amma ka tuna buri ne ba alkawari ba. Kwamfuta ba ta san taurin ƙashinka ba, ba ta kuma san awa nawa za ka riƙa sa robar ba. Kada ka amince da tsarin sai ka ji amsar waɗannan: robobi nawa ne, kowacce kwana nawa? Za a cire haƙori ko za a kankare gefen wasu? Yaya turamen baya za su haɗu a ƙarshe, ba na gaba kaɗai ba? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da zagaye na biyu idan aikin bai kammala ba, da robar riƙewa ta bayan an gama, da maye gurbin wadda ta ɓata? A rubuta duk wannan a takarda.

Ka kuma tambaya game da wani abu da ke bai wa manya mamaki. Idan haƙoran da suka daɗe a kan juna suka miƙe, wani lokaci sai a ga ɗan baƙin fili mai kusurwa uku kusa da dasashi tsakanin haƙora biyu, domin naman wurin bai taɓa samun sararin girma ba. Akwai hanyoyin rage shi, amma gara ka sani tun farko. Haka nan saiwoyi kan ɗan gajarce a kowace irin daidaitawa, da ƙarfe ko da roba. Ga mafi yawan mutane abin kaɗan ne, amma shi ya sa ake sa ido.

Mataki na biyar: ranar da za a fara

Bayan 'yan makonni robobin za su iso, kowacce a ledarta da lamba. Abu biyu ne ake yawan yi a wannan rana ko jim kaɗan bayanta, waɗanda tallace-tallace ba sa ambata. Na farko, a manna ƙananan ɗigon ciko masu launin haƙori a jikin wasu haƙoran. Su ne madafar da robar ke kamawa don ta juya haƙori ko ta ja shi. Ba allura, ba zafi, kuma za a kankare su idan an gama, amma suna sa robar ta ɗan fi fitowa ga mai kallo na kusa. Na biyu, idan wuri ya yi kaɗan, a goge gefen wasu haƙoran da siririn abu mai kaushi, a rage abin da yawanci bai wuce rabin milimita ba a tsakanin haƙora biyu. Ƙarar ce mara daɗi, amma ba ciwo. Wasu kuma za a ba su ƙananan zoben roba da ake maƙalawa daga sama zuwa ƙasa don gyara cizo.

Kada ka bar wurin sai ka sa ka cire da kanka sau biyu ko uku a gaban likita. Wajen sawa, ka fara da haƙoran gaba, sannan ka danna na baya da yatsu. Kada ka cije ta don ta shiga, tana iya tsagewa. Wajen cirewa, ka fara daga can baya ta ɓangaren ciki, wajen harshe ko ganɗa, ka ɗaga gefe ɗaya da farce, ka ɗaga ɗayan, sannan ka biyo gaba a hankali. Daren farko na shafe kusan minti goma a gaban madubi ina fama da ta ƙasa, miyau na bin yatsuna, na rantse ta manne ke nan har abada. Daga gaba nake ja, shi ya sa. Da na koma baya ta ciki sai ta yi ɗas ta fito. Bayan mako ɗaya ko madubi ba na nema. Akwai ɗan ƙugiyar roba da ake yi don wannan, tana taimakon mai gajeren farce.

Mataki na shida: rayuwa da ita

Kwana biyu ko uku na farko haƙoran za su yi tsami, kamar an ɗaure su tamau, kuma tauna abu mai tauri zai yi zafi. Wannan alama ce ta aiki. Idan ya dame ka, likitoci da yawa sun fi son a sha farasitamol a kan magunguna irin su ibufurofen, domin waɗannan na iya rage saurin aikin ƙashi idan aka yawaita su. Miyau zai ƙaru ko baki ya bushe, harshe zai riƙa tuntuɓe a kan "s" da "z". Maganinsa magana: ka riƙa karatu da ƙarfi a ɗaki, cikin 'yan kwanaki harshe zai saba. Idan bakin robar na yankan dasashi ko harshe, ka sa ɗan kakin da likita ke bayarwa, ko ka koma a goge wurin.

Yanzu ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Yini da dare awa ashirin da huɗu ne. Idan za ka sa robar awa ashirin da biyu, awa biyu ke nan suka rage maka na ci da sha da goge baki gaba ɗaya. Ka raba su uku, minti arba'in-arba'in. Ba wurin cin abinci lokacin ke tafiya ba, bayan an gama ne. Ka ci, hira ta yi daɗi, ka ce bari in ɗan huta kafin in goge baki, kafin ka ankara awa biyu sun wuce robar na akwati. Abin da ya cece ni shi ne sa ƙararrawa a waya duk lokacin da na cire: minti talatin, ta buga, in tashi. Idan wata rana buki ko taro ya sa ka wuce ƙa'ida, ba a mutu ba, amma ka ƙara wa wannan robar kwana ɗaya kafin ka sauya. Abin da ke ɓata aiki shi ne a mayar da hakan ɗabi'a.

Da robar a baki, ruwa zalla mai sanyi ko mara zafi kaɗai za ka sha. Abu mai zafi yana lanƙwasa ta. Shayi da kofi suna rina ta ta koma ruwan ƙasa. Mafi muni shi ne abin sha mai zaƙi ko tsami: yana shiga ƙarƙashin robar ya kwanta a jikin haƙori, miyau kuma ba ya kaiwa ya wanke, sai ya zama ka jiƙa haƙoranka cikin sukari na awanni. Mutum na iya gama daidaitawa da haƙora a jere amma cike da ramuka. Taba tana mayar da robar rawaya cikin kwanaki, tana kuma raunana dasashin da ake buƙatar lafiyarsa. Cingam ma sai an cire.

Bayan kowane ci, ka goge baki da man da ke da fuloraid, ka bi tsakanin haƙora da zaren sakace, sannan ka mayar. Saboda haka ka haɗa 'yar jaka da ba ta rabuwa da kai: buroshi, man goge baki, zare, akwatin robar, da robar da ka cire ta baya. Idan ka samu kanka inda ba halin gogewa, ka kuskure baki sosai da ruwa, ka ɗauraye robar, ka mayar, ka goge da zarar ka samu dama. Hakan ya fi barinta a waje rabin yini.

Dokar da ba ta da sassauci: in ba ta bakinka, tana akwatinta. Na taɓa naɗe tawa cikin takardar goge hannu a wurin cin abinci na ajiye gefen faranti. Mai kwashe kwanuka ya yi aikinsa yadda ya kamata, ya haɗa da ita. Abin da ba a gani a baki, ba a ganinsa a tebur. Aljihu ma ba wurinta ba ne, za ka zauna a kanta. Masu kare a gida su yi hattara, warin miyau na jan su, suna tauna ta. Kada kuma a bar ta cikin mota a rana.

Wajen wanke ta, safe da dare, buroshi mai laushi na daban da ruwan sanyi da ɗan sabulun ruwa mara launi sun isa. Man goge baki mai kaushi yana karce ta, ta dushe, datti ya samu maɓoya. Akwai ƙwayoyin da ake narkarwa a ruwa a jiƙa ta na 'yan mintuna. Ruwan zafi kuwa, kada ya zo ko kusa da ita.

Mataki na bakwai: sauya roba da sa ido

Ka sauya a ranar da likita ya tsara, kada ka yi gaba don ka ji ta saki. Sakin da ka ji yana nufin kan haƙorin ya isa, amma ƙashin da ke kewaye da saiwa bai gama aikinsa ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ka riƙa sa sabuwa da dare kafin kwanciya, sai awannin da suka fi tsami su wuce kana barci, da safe kuma cirewa ta fi sauƙi.

Kowane 'yan kwanaki ka duba a madubi da haske mai kyau. Ya kamata bakin kowane haƙori ya cika robar. Idan ka ga fili tsakanin ƙarshen haƙori da rufin robar, kamar ƙafa a takalmin da ya yi mata yawa, wannan haƙorin ya fara zama a baya. Ana ba da wani ɗan dunƙulen roba mai laushi da ake taunawa na 'yan mintuna sau biyu ko uku a rana, yana danna robar ta zauna sosai. Idan filin ƙarami ne, tauna da ƙarin kwanaki kan gyara shi. Idan yana ƙaruwa daga roba zuwa roba, kada ka ci gaba, ka kira likita, domin kowace sabuwa za ta ƙara nisa da gaskiyar bakinka.

Idan roba ta ɓata ko ta karye, kada ka zauna baki tsirara kana jiran ranar ganin likita. Ka sa ta baya, ka kira a faɗa maka ko ka tsaya a kanta ko ka matsa gaba. Idan ɗigon ciko ya faɗi, ba abin tashin hankali ba ne, amma ka sanar. Abubuwan da ba a jira da su: ciwo mai tsanani a haƙori ɗaya da bai lafa ba bayan kwanaki, haƙori ya sauya launi, dasashi ya kumbura ko ya riƙa ja da baya saiwa na fitowa, girgiɗi mai yawa, ko ƙaiƙayi da kumburin leɓe da ke nuna jiki bai karɓi robar ba. Ɗan motsi kaɗan a haƙoran da ake matsarwa kuwa al'ada ce.

Ana komawa wurin likita kusan kowane mako shida zuwa goma. Ka je da robar a baki, ka kuma faɗi gaskiyar awannin da kake yi. Ya riga ya gani a haƙoran, kuma gaskiyar ce za ta sa ya san ko tsarin ne da gyara ko sawar.

Mataki na takwas: zagaye na biyu

Ka kai roba ta ƙarshe, ka duba, ka ga haƙori ɗaya bai gama juyawa ba, ko turamen baya ba sa haɗuwa sosai saboda sun daɗe da roba a tsakaninsu. Wannan ba gazawa ba ce, mutane da yawa suna buƙatar a sake awo a kawo ƙarin robobi. Nawa ya ƙara mini wata uku, kuma a lokacin na gaji, na so in ce a bar shi haka. Na gode da ban ce ba. Kafin a kankare ɗigon ciko, ka zauna da madubi a hannu ka duba da kyau, ka tauna, ka ji ko ɓangarorin biyu suna haɗuwa daidai. Abin da ka yi shiru a kansa ranar, da shi za ka zauna.

Mataki na tara: riƙe abin da aka samu

Nan ne mutane suka fi yin asara. Ranar da aka gama, haƙoran suna sabon wuri amma ƙashin da ke kewaye da su ɗanye ne, zaruruwan dasashi kuma suna ɗaukar watanni masu yawa kafin su daina ja baya. Bayan wannan ma, haƙoran ɗan Adam suna ci gaba da matsowa gaba a hankali tsawon rayuwa, shi ya sa na ƙasa ke cunkushewa da shekaru ko ga wanda bai taɓa gyara ba. Don haka ake ba da robar riƙewa, wadda ake kira ritena. Kamanninta ɗaya da waɗanda ka saba, sai dai ta fi ƙarfi kuma ba ta matsar da komai.

Yawanci ana sa ta dare da rana na 'yan watannin farko, sannan a koma dare kaɗai. Har yaushe? Muddin kana son haƙoran su zauna a jere. Wasu ana manna musu siririyar waya a bayan haƙoran gaba, musamman waɗanda aka rufe wa tazara, domin tazara na saurin dawowa. Wayar na buƙatar zaren sakace na musamman da ake zurawa ta ƙarƙashinta, kuma tana iya ɓallewa daga haƙori ɗaya ba ka sani ba, don haka ka riƙa taɓa ta da harshe, likita kuma ya duba ta duk zuwan da ka yi wankin haƙori. Da yawa ana haɗa musu biyun, waya da roba.

Ritena tana tsufa. Tana tsagewa, tana saki, mai cizon haƙora cikin barci kuma yana huda ta da wuri. Ka nemi a yi maka ta ajiya tun wadda kake sawa ba ta lalace ba, ka kuma tambaya ko an adana awon bakinka na ƙarshe a kwamfuta don a buga sabuwa ba tare da jinkiri ba. Ita kanta ma'auni ce: idan ka yi kwana biyu ba ka sa ba, ka sa ka ji ta matse, haƙoran sun fara tafiya, sai ka koma sa ta dare da rana na 'yan kwanaki har ta saki. Idan ta ƙi shiga gaba ɗaya, kada ka tilasta mata da cizo, ka kai ta wurin likita a cikin makon.